Jitar Lantarki a Yamai: Tambayoyi da Amsoshi kan Saye, Gyara da Zaɓi

Sana'ata gyaran jita da amfili ce a nan Yamai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaita mini, wasu a bakin shago, wasu ta WhatsApp daga Tawa, Abalak, Konni da Agadas. Na haɗa su wuri guda don mai sha'awa ya karanta kafin ya fitar da kuɗinsa. Maganar duka a kan jitar lantarki ce wadda jikinta katako ne curi guda, babu kogo a ciki.

Malam, in babu kogo, daga ina sautin yake fitowa?

Gurmi da molo, kogo da fata ne ke ɗaga muryar tsirkiyarsu. Ita wannan maganaɗisu ne da waya. Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da muke kira mikiro: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye wajen 8,000 a mikiro ɗaya na jita ƙirar Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa, ƴar wuta kaɗan takan taso a cikin wayar, ta bi kabul har amfili, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa in ka ɗaura mata tsirkiyar nailan ba za ka ji komai ba.

An bar kogon ne saboda kuwwa. Jita mai kogo, in an ƙara sauti, jikinta yakan kama muryar lasifika ya mayar, sai ta dinga kuka babu mai taɓa ta. Leo Fender, wanda ya fara ƙera irin wannan jita da yawa don kasuwa, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma shi kansa ba makaɗi ba ne. Ya fito da ta farko a 1950, ta samu sunan Telecaster a 1951. Kamfanin Gibson ya bi da tasa, Les Paul, a 1952, sannan Stratocaster ta zo a 1954. Fender ya ɗaure wuya da jiki da sukuru huɗu don in wuya ya lalace a kwance a sa wani. Tunanin mai gyara ke nan, kuma shi ne ya sa ƙirarsa ta karɓi ƙasa irin tamu.

Stratocaster, Telecaster ko Les Paul, wacce ta fi dacewa da kiɗanmu?

In dole sai na faɗi ɗaya, ƙirar Stratocaster.

Kiɗan da muke yi a nan, ko na Abzinawa ne, ko na ƴan orkes da ke haɗa Hausa da Zabarmanci da salon Kwango a wurin biki, kiɗa ne na ƙananan sautuka masu bin juna da sauri. Ana son kowane ya fita tsaf, kada ya nutse cikin ganga da kalangu. Mikiron Stratocaster, mai naɗi ɗaya, muryarsa siririya ce mai kaifi, tana ratsa hayaniyar fili. Guda uku ne a jikinta, da maɓalli mai matsayi biyar, kuma matsayi na biyu da na huɗu suna haɗa mikiro biyu su ba da wannan murya mai ɗan ƙyalli da masu kaɗawa da yatsa ke so. Nauyinta wajen kilo 3.5 ne, an fafe bayanta inda take zama a ciki, an kuma zaftare gaba inda hannu ke kwanciya.

Telecaster ba ta da ado. Mikiro biyu, jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita) a kafe, babu sandar girgiza sauti. Ta fi duka juriya, kuma in ka ɗaure ta da la'asar za ka same ta daidai bayan isha'i. Mai kiɗan rakiya a bayan mawaƙi ba zai yi nadamar ta ba. Sai dai gefenta ba a zaftare yake ba, yana cin haƙarƙari in zama ya yi tsawo.

Les Paul wata duniya ce. Jikinta mahogani ne mai kauri, wuyanta a manne da gam, mikironta mai naɗi biyu ne, irin wanda Seth Lover ya ƙirƙira, Gibson ta fara sa mata a 1957. Muryarta mai kauri ce, sauti yana daɗewa kafin ya mutu, kuma ba ta da gunjin wuta irin na Stratocaster. Tsawon tsirkiyarta daga ƙashin kai (ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya) zuwa jaki wajen milimita 628 ne, na Fender kuwa 648, don haka tsirkiya ta fi laushi a yatsa. Duk wannan alheri ne. Amma takan wuce kilo 4, wani lokaci ta kai 4.5, kuma wanda ya taɓa tsayuwa da ita tun bayan magariba har tsakar dare a watan Afrilu ya san abin da kafaɗa ke faɗa. Ga kuma kanta da ya karkata baya. In ta zame daga jikin bango ta faɗi rigingine, nan take karyewa, kuma gyaran karayar ba na kowane kafinta ba ne. Wanda muryar Gibson yake so ba tare da nauyin ba, ya duba SG, wadda ta fito a 1961, siririya ce, ba ta wuce kilo 3 da kaɗan.

Ashe sai ta Amurka ce jita ta gaske?

A'a, ƙanena. Fender da kanta tana ƙera jita a Ensenada ta Meziko, tana kuma da Squier mai sauƙin kuɗi tun 1982, waɗanda yanzu ake yi a Indunusiya da Sin. Gibson tana da Epiphone. Yamaha Pacifica 112 ta daɗe tana cikin mafi aminci ga mai farawa, Cort da Ibanez ma suna da masu kyau. Injin da ke yanka katako a masana'antun yau kwamfuta ke tuƙa shi, kuskurensa kaɗan ne. Inda mai araha ke gazawa shi ne aikin hannu na ƙarshe: ba a goge bakin ƙarafunan wuya da kyau ba, ramukan ƙashin kai sun yi tsawo, maɓalli na roba ne marar ƙarko. Waɗannan duka ana gyara su a nan cikin yini ɗaya.

Jita mai araha da aka daidaita ta fi mai tsada da aka bari a karkace daɗin kaɗawa, nesa ba kusa ba. Kuma a fili, da ƙura, da lasifikar haya, babu ɗan biki da zai gane ƙasar da aka ƙera ta. In kuɗinka ya kai jika ɗari, misali, kada ka zuba duka a jita ka dawo kana neman aron amfili.

An kawo mini wata an ce Gibson ce ta asali, kuɗinta kuma bai kai ko rabi ba. Yaya zan gane?

Farashin ma ya riga ya ba ka amsa. Amma duba waɗannan. Gibson ba ta ƙera Les Paul ko SG masu sunanta a wajen Amurka. A kan jitar akwai ɗan murfi mai siffar ƙararrawa da ke rufe bakin sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake miƙe shi da ita. Na Gibson sukuru biyu ne, na Epiphone da yawancin jabu uku ne. In ka buɗe murfin, Gibson tana da noti da ake kamawa ta waje, jabu kuwa rami ne na makullin alen. A Fender, lambar da ke kai tana farawa da MX ga ƴan Meziko na shekarun nan, US ga ƴan Amurka, kuma ana iya duba lambar a shafin kamfanin. Ka sani dai masu jabu su ma suna kwafar lamba, kuma akwai masu kankare sunan Squier su liƙa na Fender.

Jabu ba lallai ta zama marar amfani ba. Laifin shi ne a sayar maka da ita da kuɗin asali. In wuyanta lafiya lau ne, ka taya ta a matsayin marar suna.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba kafin in biya?

Wuya, kafin komai. Fenti da ya ɗaye da mamurɗin da ya ɓace ba su da wata illa, wuya ne in ya mutu jitar ta mutu.

Ɗaga ta ka sa ido ta wajen kai, ka kalli tsawon wuyan har jiki. Ɗan lanƙwasa zuwa gaba ba komai ba ne. Abin gudu shi ne murɗewa, wato gefe ɗaya ya tashi, ɗaya ya kwanta. Sannan danne tsirkiya mai kauri a firet na farko (firet su ne ƙarafunan da ke gicciye a wuya) da hannu ɗaya, da ɗayan hannun danne ta a na ƙarshe, ka leƙa tsakiya wajen firet na bakwai ko takwas. Ya kamata ka ga ƴar tazara wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, wadda katin adireshi na takarda zai shiga da ƙyar. Daga nan ka nemi izinin mai ita ka sa makulli a sandar wuya, ka ɗan motsa ta hagu da dama. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa fayau ba ta kama komai, ajiye jitar ka yi sallama.

Bayan haka ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe, kana sauraron inda sauti ke mutuwa ko yake zizara. Dubi firet biyar na farko ko tsirkiya ta ci su ta yi rami. Soka ta a amfili, ka ɗan ƙwanƙwasa kowane mikiro da bakin turnabis kana sauya maɓalli, ka ji ko duka suna da rai. Ƴar tsagar fenti a kusurwar da wuya ya shiga jiki kada ta tsorata ka, kusan duk tsohuwar Stratocaster tana da ita.

Da hunturu ya shigo, ƙarafunan wuya sun fara yankar mini hannu. Jitar ta lalace ke nan?

Ba ta lalace ba, ƙishirwa take ji. Masana'antu suna ƙera jita a ɗakin da damshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Yamai da Tawa, daga Disamba zuwa Maris, yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Katakon wuya ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo ta gefe. Maganinsa a goge bakin da ƙaramin zarto mai laushi, a rufe katakon da tef kafin a fara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, sa'ad da katakon ya gama tsukewa. In an yi a lokacin, da wuya a sake yi.

Wuyan ma yana motsi tsakanin rani da damina, don haka jitar da ke zaune a ƙasar nan tana son a duba ta sau biyu a shekara. In tsirkiya ta yi nisa da wuya a tsakiya, a ɗaure sandar ƙarfe zuwa dama. In tana zizara a firet na farko-farko, a sassauta zuwa hagu. Rubu'in zagaye kawai, sannan a bar ta ta kwana a sake aunawa. An sha kawo mini jitar da aka murɗa sandarta da ƙarfin tsiya har ta tsinke a ciki, kuma abin yana ba ni takaici, domin haƙurin dare ɗaya ne ya rage.

Allon wuya mai duhu, wanda ba a shafa masa fenti ba, yana son ɗigon mai sau ɗaya ko biyu a shekara, irin farin man da ba ya wari, a shafa a goge nan take. Ban da man gyaɗa, ban da man kaɗe, suna ɓaci su kama ƙura. Allo mai haske na katakon mapul a rufe yake da fenti, ƙyalle kawai yake so. Ajiye ta cikin jaka ko akwati, da ɗan soso mai laima a cikin gwangwanin sabulu da aka huhhuda, kada ya taɓa jikinta. Kada ta yini a cikin mota. Kada a jingine ta da bangon yamma a ɗakin kwano cikin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa ma.

Ƙura kuma tana shiga mamurɗan sauti, ka ji suna ƙarar yashi in ka juya. Akwai feshin wanke kayan lantarki a wurin masu gyaran rediyo da talabijin. Fetur da man inji ba nasu ba ne.

Jitata tana gunji ko ban taɓa ta ba, wani lokaci ma tsirkiya tana ɗan jan hannuna. Lafiya?

Abu biyu ne ka haɗa, ɗaya damuwa ce kawai, ɗaya kuwa maganar rai ce.

Gunjin daga wutar gida yake. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma mikiro mai naɗi ɗaya yana tsintar wannan daga fanka, doguwar fitila, cajar waya da gurup, wato janareta. Ga gwaji: taɓa tsirkiya. In gunjin ya ragu, haka abin yake, lafiya lau. In bai sauya ba, wayar da ta haɗa jaki da sauran kayan ciki ta tsinke. In kuwa ƙaruwa ya yi, an juya wayoyi biyu na ramin kabul wurin liƙa dalma. Ana rage gunjin da shimfiɗa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyam a cikin ramukan jiki da bayan farantin gaba, a haɗa ta da wayar ƙasa. A yawancin Stratocaster na yanzu, matsayi na biyu da na huɗu suna kashe gunjin da kansu. Wani lokaci ma juyawa kawai za ka yi ka ba amfili gefe.

Jan hannu kuwa, ina roƙonka kada ka saba da shi. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da ƙarfen jikin amfili ta cikin kabul. Gidajenmu da yawa ramin wutarsu biyu ne, babu wayar ƙasa, kuma akwai masu karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga. In wani abu ya lalace a amfili, wutar ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikinka. Yanzu ka tuna yadda filin biki yake: an yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, makaɗi ya tuɓe takalmi ya hau tabarma mai laima, hannunsa da gumi a kan tsirkiya, leɓensa a kan makirufo da aka jona a wata wuta daban. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotlan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a Swansea ta dalilin makirufo marar wayar ƙasa. Ba tatsuniya ba ce.

Don haka ka sa takalmi mai ƙasan roba. A jona amfili da na'urar makirufo a wuta guda. In da gurup ake aiki, a kafa masa ƙarfe a ƙasa a haɗa. Ka riƙa yawo da turnabis mai ƴar fitila, ka taɓa tsirkiya da kan makirufo kafin a fara, in ta kama a tsaya a nemi dalili. Amfili mai aiki da batir ya fi duka kwanciyar hankali. Tsohon amfili mai kwalabe kuma kada ka buɗe bayansa, yana riƙe wuta sama da bolt 400 ko bayan an zare shi daga bango.

Ɗan'uwana ya aiko mini amfili daga Amurka. In jona kawai?

Tsaya tukuna, karanta abin da ke rubuce a bayansa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100. In ba a rubuta 220 ko 230 ko 240 ba, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ɗara abin da amfilin ke ci. Na Turai ba su da wannan matsala. In an ɗauke wuta, kashe amfili, kada ka kunna sai ta dawo ta zauna. Da gurup kuwa, na'urar daidaita wuta a tsakani ta fi sayen sabon amfili sauƙi.

Ina so in sauya mikiro don sautin ya gyaru. Wanne zan saya?

Kafin ka sayi komai, an taɓa daidaita jitar? Mafi yawan waɗanda ke zuwa mini da wannan magana, tsirkiyarsu ta yi wata shida, ta yi nisa da wuya, sautin sama kuma ba ya haɗuwa da na ƙasa. Mikiron Amurka ba zai gyara ko ɗaya daga ciki ba.

Fara da sabuwar tsirkiya da miƙe wuya. Sannan tsayin tsirkiya a firet na 12: wajen milimita 1.6 ga siririya, 2 ga mai kauri. Sannan ka gwada sautin firet na 12 da na tsirkiya a sake, ya kamata su zama sauti guda, sai dai na 12 ya fi siranta. In na 12 ya haura, ja ɗan ƙarfen jaki baya, nesa da wuya. In ya gaza, tura shi gaba. Duba tsayin mikiro ma. In ya matso tsirkiya da yawa, maganaɗisun yana jan ta, sauti ya riƙa rawa kamar biyu ne. Danne firet na ƙarshe ka bar tazarar milimita 2 zuwa 2.5. Bayan wannan, abin da ya cancanci kuɗi shi ne ƙashin kai mai kyau, ramin kabul mai ƙarfi da maɓalli na ƙarfe, domin su ne ke kunyata mutum a tsakiyar biki. Kunnuwan ɗaure tsirkiya ana yawan zarginsu a banza, galibi ƙashin kai ne ke riƙe tsirkiya.

In ka yi duk wannan har yanzu kunnenka bai gamsu ba, to sai mikiro. Wanda ya fi amfani a Stratocaster shi ne sa mai naɗi biyu a kusa da jaki, inda mai naɗi ɗaya yakan yi tsini da yawa in an ƙara ƙarfin amfili. Cire farantin gaba ka ga ko ramin katakon zai ɗauka. Mamurɗin mikiro mai naɗi ɗaya mai lamba 250k ne, na mai naɗi biyu mai lamba 500k, in ka bar na farko sautin zai ɗan dushe. Tsofaffin kayan ka zuba su a leda ka adana. Ranar sayarwa, mai saye ba zai biya ka kuɗin gyare-gyarenka ba, gara ka mayar da na asali ka riƙe naka.

Sandar girgiza sauti tana kwance mini ɗauri. In cire ta?

Cire sandar kaɗai ba ya magani, domin jakin yana lilo ne tsakanin jan tsirkiya da jan sifirin da ke baya. Buɗe murfin baya. Galibi sifirin uku ne, akwai gurbin biyar. Ƙara su, ko ka ɗaure sukuru biyu na maƙalarsu har jakin ya kwanta a jiki, ko ka yanko ɗan guntun katako wurin kafintocin Katako ka cusa ya tokare shi. Goga bakin fensir a ramukan ƙashin kai don tsirkiya ta riƙa zamewa. Irin jakin Floyd Rose mai kulle tsirkiya kuwa, ban ba mai kiɗan biki shawararsa ba. Tsirkiya ɗaya in ta tsinke, sauran biyar duk sun tashi daga ɗauri, kuma sauyawa sai da makulli da natsuwa.

Wace tsirkiya zan sa, kuma yaya zan sa ta daɗe?

Lambar tsirkiya kaurinta ne, daga siririya zuwa mai kauri: 9 zuwa 42 tana da laushi, 10 zuwa 46 ta fi cika da juriya. Ga mai kaɗawa da yatsa, 9 ta isa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Masu salon Abzinawa da yawa suna ɗaga tsirkiya ta shida, mai kauri, daga sautin Mi zuwa na Sol, don babban yatsa ya riƙa buga ta a sake a ƙarƙashin waƙa. Wannan ɗagawar tana ƙara jan tsirkiyar da wajen kashi 40 cikin ɗari. Tana wahalar da wuya, tana ɗaga jaki mai lilo, tana kuma saurin tsinkewa. In haka kake ɗauri kullum, sa mai lamba 36 ko 38 a gurbin ta shida. Za ka ji hannu ya huta, sautin kuma ya fi fita.

Gumi ne ke kashe tsirkiya. Goge ta sama da ƙasa da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama. Dafa tsofaffi a ruwan zafi yana dawo da ɗan haske na ƴan kwanaki ga masu naɗi, amma ba ya cire tsatsa. Akwai jabun tsirkiya a kwali mai babban suna, takan yi baƙi cikin mako. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi saƙo wurin mai zuwa Kano, Lome ko Turai, ku ƙara da siraran Mi da Si ɗai-ɗai. In daga Turai ne, lissafin mai sauƙi ne, yuro ɗaya kusan sefa 656, sai kuɗin ɗauko da na duwan.

Ni bahago ne. Sai na nemo ta bahagwai?

In ka samu, madalla, amma ba su da yawa a kasuwarmu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, bahago ne, Stratocaster ta bahagwai yake riƙewa yanzu, amma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Jimi Hendrix kuwa ta dama ya kifar ya sake jera tsirkiyoyi. In haka za ka yi, sai an sauya ƙashin kai, an sake daidaita jaki, an mayar da maƙalar ɗamara ɗaya gefen. Mamurɗai za su koma ƙarƙashin damtsenka, sai ka saba. Ƙirar SG ta fi sauƙin kifarwa tunda ƙahonninta biyu kusan daidai suke.

Ƴata ta nace tana son koyo, hannunta kuma ƙarami ne. Ba ta akwati ya kamata ta fara da ita ba?

Hajiya, ta lantarki ta fi sauƙi ga ƙaramin hannu. Tsirkiyarta ta fi laushi, wuyanta ya fi siranta, kuma da abin sawa a kunne za ta yi ta koyo ba wanda ya ji a gidan. Akwai gajeru: Squier Mini tsawon tsirkiyarta wajen milimita 578 ne, ƙirar Mustang 610. A sa mata lamba 9, a sauke tsirkiyar yadda ba za ta ji ciwo ba, a nemo amfili na batir saboda abin da na faɗa kan wuta. Ba ita ce farau ba. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a jihar Tawa da jitar ɗan'uwanta ta koya, ta kuma kai kiɗanta Turai da Amurka. A nan Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, kuna iya zuwa ku tambaya.

Irin katakon jiki yana sauya sauti?

Ana ta gardama a kai. A nawa kunnen, in an soka jita a amfili, mikiro da lasifika da yatsun mai kaɗawa sun rinjayi katako nesa. Abin da nake dubawa a katako shi ne nauyi, da ko ya bushe sosai, da ko yana riƙe sukuru.

Zan iya sake mata fenti ko in yi mata ado?

Taka ce. Sai dai fentin masana'anta na jita mai araha yana da tauri ƙwarai, kankare shi aiki ne na kwanaki, kuma abin da ke ƙarƙashi sau da yawa guntaye ne da aka manna. Ya fi sauƙi ka sauya farantin gaba, ko ka kai wa dukawa a Wadata su ɗinka maka ɗamarar fata mai faɗi, wadda za ta raba nauyi a kafaɗa. Gibson ta asali kuwa fentinta mai laushi ne, roba da turare da zafi suna ɓata shi, kuma sake mata fenti yana zubar da darajarta.

Zan tafi da ita Tawa a kar, wato babbar motar fasinja. Yaya zan ɗauke ta?

Tafiyar ta kai wajen kilomita 550 ta Doso, Dogon Dutsi da Konni, kuma ƙarƙashin kar akwai zafi da buhuna. In za a bar ka, shiga da ita ciki ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan, zare sandar girgiza, zare kabul, ka naɗe kan da rawani ko tawul. In dole sai ƙasa, kuma ƙirar Fender ce, sassauta tsirkiya sosai ka kwance sukuru huɗun nan, ka naɗe wuya daban jiki daban a cikin tufafi. Kula da ɗan siririn kati da wani lokaci ake samu a ramin wuya, ka mayar da shi inda yake, shi ke riƙe karkatar wuyan. Wurin ɗaurawa, juya kowane sukuru baya kaɗan har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure da hannu, ba da inji ba. In ramin ya gaji ba ya kamawa, tsinken sakace da ɗigon gam na kafinta suna cike shi. Les Paul da SG ba a kwance su, sai akwati mai tauri da tsumma a ƙarƙashin kai. In kun isa, bar ta a jakarta ta huce kamar awa ɗaya kafin ka ɗaure tsirkiya.